Idon da Ba Ya Gyangyaɗi: Tsara Kyamarar Tsaro a Gidan Manomi

Daga watan Oktoba zuwa Disamba, hanyoyin da suka haɗa Funtua da Bakori da Ɗanja da Malumfashi ba sa rabuwa da manyan motoci da a-kori-kura da amalanken shanu, kowanne shaƙe da buhunan masara, ko dawa, ko waken soya, ko kuwa auduga. Wani kason yakan wuce kai tsaye zuwa kasuwar Ɗandume, amma manomi mai dabara ba ya sayar da komai da kaka, lokacin da hatsi ya yi arha. Yakan jibge abin da ya samu a sito, ya jira bazara ko farkon damina. Ke nan tsawon wata biyar ko shida, gumin shekara guda yana kwance a ɗaki ɗaya, bayan ƙofar kwano da kwaɗo guda. A gefe kuma ga babur, ga injin ban-ruwa, ga buhunan taki, ga awaki a turke.

Wannan ne ya sa kyamarar tsaro, wadda a da sai a banki ko gidan gwamnati ake ganinta, ta fara leƙowa daga katangun gidajen talakawa. Sai dai sau da yawa mutum yakan kwashe ɗan abin hannunsa ya sayi kyamarori huɗu a kwali ɗaya, a kafa masa su a ƙolin katanga, ranar da aka yi sata a je dubawa a tarar ko dai wuta ta ɗauke tun da magariba, ko kuwa hoton ya nuna wata inuwa ce kawai mai ƙafa biyu. Kuɗin bai yi kaɗan ba, lissafi ne ba a yi ba. Lissafin kuwa iri uku ne, na gani da na wuta da na ajiya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin ɗalibin sakandare.

Abin da kyamara ba za ta iya ba

Ya kamata a fara da faɗin gaskiya. Mutanen wannan yanki sun san abin da ya fi satar buhu zafi. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, kuma ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun sha hare-hare shekara da shekaru. Kyamara ba ta tare mai bindiga. Duk mai shagon da ya ce wa manomi na'urarsa za ta kare shi daga irin wannan, ciniki yake nema.

Binciken masana ma haka ya nuna. A 2019, Eric Piza da Brandon Welsh da David Farrington da Amanda Thomas suka tattara sakamakon nazarce-nazarcen shekara 40, yawanci daga Ingila da Amurka, suka gano cewa kyamarori sun rage aikata laifi da kimanin kashi 13 cikin 100. Inda suka fi tasiri shi ne wuraren ajiye motoci, da kusan kashi 37, watau wuri mai katanga, mai mashiga ƙalilan, wanda dukiya ke zaune a ciki ba ta motsi. A kan laifukan zubar da jini kuwa, ba su ga wani tasiri na a-zo-a-gani ba. Sito mai ƙofa ɗaya ya fi kama da wurin ajiye motoci. Saboda haka aikin kyamara a gidan manomi shi ne ta sa ɓarawon dare ya yi tunani sau biyu, in kuma ya shiga, ta zama shaida.

Lissafin gani

Zuciyar kyamara wani ɗan faranti ne na silikon, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, wanda aka yanka gida-gida kamar allon dara. Kowane gida yana karɓar haske ya mayar da shi lantarki, gwargwadon yawan hasken. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙirƙiro irin wannan faranti a Amurka a 1969, aikin da ya kai su ga lambar Nobel ta fizis a 2009. Kowane gida shi ne ɗigo ɗaya na hoto, wanda ake kira fiksil. Kyamarar da aka rubuta wa 1080 ko 2MP a kwalinta tana da ɗigo 1920 a faɗi, da 1080 a tsayi, jimla kimanin miliyan biyu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan ɗigogi 1920 ba sa ƙaruwa. In aka juya kyamara ta kalli ƙofa mai faɗin mita biyu, su ne za su rufe ta. In aka juya ta ta kalli fili mai faɗin mita 30, su ɗin ne dai za a shimfiɗa a kansa, kamar man shanu kaɗan a tuwon mutum goma. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa da masu wannan sana'a suka daɗe suna aiki da ita ta ce, don a gane cewa mutum ne ke motsi, ɗigo 25 a kowace mita ya isa. Don a shaida wanda aka riga aka sani, ana bukatar 125. Don a tantance fuskar baƙo kuwa, sai 250.

Alal misali, a raba 1920 da 250, za a samu mita 7.7. Wannan shi ne iyakar faɗin da kyamarar za ta kalla in ana son fuska. Galibin kyamarori masu arha suna buɗe ido da kusurwar da ta kai digiri 90, kuma a wannan kusurwa faɗin abin da ake gani ninkin nisansa ne sau biyu. Ke nan fuskar baƙo ba za ta fito sosai ba sai ya matso kusan mita huɗu. Wanda aka sani kuma za a shaida shi har zuwa mita bakwai ko takwas. Kyamarar da aka ɗora ta kalli fili mai mita 30 tana ba kowace mita ɗigo 64 ne kacal, fuskar mutum mai faɗin santimita 16 ta tashi da ɗigo goma. Komai zuƙo hoton da za a yi a waya, ɗigo goma ba za su haifi hanci da ido ba. Abin da ake gani a fina-finai, inda jami'i ke danna maɓalli fuska ta fito tar daga duhu, almara ce.

Zaure ya riga kyamara

Tunda kyamara ba ta iya kallon ko'ina, dole a zaɓa mata inda kowa zai bi. A nan maginan Hausa sun riga sun yi rabin aikin tun ɗaruruwan shekaru. Gidan gargajiya katanga ce ta kewaye shi, mashiga ɗaya gare shi, watau zaure, daga nan a bi ta shigifa kafin a kai cikin gida. Babur ba ya tsallake katanga, buhu mai kilo 100 ma da wuya. Ko ɓarawo ya hauro ta baya, da kaya mai nauyi ta ƙofa zai fita. Kyamara ta farko wurinta zaure ko get, ta biyu kuma ƙofar sito. Wanda kuɗinsa ya tsaya a nan bai yi asara ba. Kyamara biyu a mashiga sun fi huɗu da ke kallon sarari.

Abin sha'awa, tsarin kyamarar gida na farko da aka yi wa rajista ma daga ƙofa ya fara. Wata ma'aikaciyar jinya baƙar fata a birnin New York, Marie Van Brittan Brown, da mijinta Albert, suka nemi rajistarsa a 1966, aka ba su a 1969. Ramuka suka huda a ƙofa a tsayi daban-daban, kyamara tana hawa tana sauka a bayansu, don a ga dogo a ga gajere.

Batun tsayi kuwa shi ne kuskuren da aka fi yi. Don gudun kada a cire kyamara, sai a kai ta can ƙarƙashin rufin bene, ta wayi gari tana ɗaukar hoton huluna da rawuna. Tsayin mita biyu da rabi zuwa uku ya isa: hannu ba ya kaiwa cikin sauƙi, fuska kuma ba ta ɓace ba. Haka nan kada ta fuskanci gabas ko yamma kai tsaye, domin rana za ta kashe mata ido safe ko yamma. Kyamarar da ke cikin zaure mai duhu tana kallon ƙofa mai haske za ta riƙa nuna masu shigowa baƙi ƙirin kamar inuwa. Gara ta kasance a waje ƙarƙashin inuwa tana kallon mai isowa, ko a ciki a gefe, inda hasken ƙofa ke sauka a fuskarsa.

Hasken da ido ba ya gani

A shekarar 1800, masanin taurari William Herschel ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya fito launi-launi kamar bakan gizo, ya riƙa auna zafin kowane launi. Da ya ajiye ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafi ya hau fiye da ko'ina. Ashe akwai haske a wurin. Shi ne infirared, kuma bambancinsa da sauran haske tsawon zango ne kawai, kamar yadda masu sauraron rediyo suka san gajeren zango da matsakaici. Idon ɗan Adam yana gani daga kimanin nanomita 400 zuwa 700. Silikon yana gani har wajen 1100. Ƙananan fitilun da ke kewaye da idon kyamara suna fitar da haske a nanomita 850, su haska tsakar gida alhali mai wucewa yana ganin duhu ne, in ban da ɗan ja-ja a jikin fitilun.

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibai wannan ba tare da sayen komai ba. A ɗauki rimot na talabijin, a saita kansa ga kyamarar waya, a danna maɓalli. A yawancin wayoyi za a ga ɗan kwan yana walƙiya a allo, ido kuwa bai ga komai ba. In kyamarar baya ta ƙi nunawa, a gwada ta gaba.

Wannan haske yana da nasa aibi. Hoton dare fari da baƙi ne, kuma yadi baƙi yakan fito fari, don haka kada a rantse da launin riga. Ƙarfinsa yana raguwa da sauri: in nisa ya ninka biyu, hasken da ke sauka a jikin mutum yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Mita 30 da aka rubuta a kwali nisan ganin motsi ne, ba na gane fuska ba. Sannan duk abin da ke kusa da idon kyamara yana mayar da hasken: bango, ganyen darbejiya, ƙwari, yanar gizo-gizo, da ƙurar hunturu, wadda a daren Janairu takan sa hoto ya zama kamar ana yayyafi. Ƙaramin kwan sola mai farin haske a saman ƙofa yakan gyara hoto fiye da ƙarin kuɗin da za a zuba a kyamara mai tsada.

Lissafin wuta

Kyamarar da ba wuta ado ce. Wutar gari ba abin dogaro ba ce a unguwanni da yawa, wasu ƙauyukan ma ba a kai musu turaku ba, ɓarawo kuma ya fi son daren da gari ya yi duhu. Saboda haka batir da faifan sola suna cikin kuɗin kyamara tun farko, kuma sau da yawa su ne kaso mafi tsoka.

Ƙaramar kyamara tana cin kimanin wat biyar in fitilun dare suna aiki. A ɗauka mutum ya sayi guda huɗu da akwatin naɗa, wanda shi ma zai ci kamar wat 15. Jimla wat 35. A ninka da awa 24, an samu 840, watau awon wutar da ake bukata kullum. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1200, amma irin na dalma ba a shanye fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, saura 600. Ke nan batir guda ba zai riƙe wannan tsari kwana ɗaya cur ba. Rana mai ƙarfi a wannan yanki tana kai kimanin awa biyar a yini, kuma kusan kashi uku cikin goma na abin da faifai ya tara yana salwanta a waya da caji. Don a samu 840, sai faifai mai wat 250 ko fiye.

Yanzu a sake lissafin da kyamara biyu masu katin ajiya a cikinsu, ba akwati. Wat goma sau 24 ya ba da 240. Batir ɗin nan zai riƙe su kwana biyu da rabi ko rana ba ta fito ba, abin da ke da muhimmanci a watan Agusta, lokacin marka. Faifai mai wat 100 ya wadatar. Bugu da ƙari, yawancin irin waɗannan kyamarori bolt 12 suke sha, don haka ba sai an sayi inbata ba, wadda ita ma tana cin wuta ko ba ta aiki. Abin da ake bukata shi ne kwantirola tsakanin faifai da batir, da ɗan abin daidaita bolt da fis kafin kyamara. In waya ta yi tsawo, a sa mai kauri, domin siririyar waya tana zubar da bolt a hanya, kuma alamar haka ita ce kyamarar da ke aiki lafiya da rana ta riƙa mutuwa da zarar fitilunta sun kunnu.

Akwai kuma kyamarar da ke zuwa da ɗan faifanta da batirinta a haɗe. Ita barci take yi, sai wani ɗan ido mai jin ɗumin jiki ya tashe ta. Tana da amfani a garke ko sito na bayan gari, amma a san halinta. Takan ɗauki ɗan lokaci kafin ta farka, ta fi jin mai gilmawa a kan mai tunkaro ta, kuma a watan Maris da Afrilu, sa'ad da katanga ke riƙe zafi har dare ya raba, ɗumin mutum da na bango sukan yi kusa har ta rage ji. Akuya kuwa tana tashe ta kamar yadda mutum ke yi.

Lissafin ajiya, da darasin 2021

Kyamarar 1080 tana fitar da kimanin megabit biyu a daƙiƙa, watau rubu'in megabait. A awa guda megabait 900, a kwana guda kusan gigabait 22. Kati mai gigabait 64 zai cika a kwana uku, daga nan sabon hoto ya fara taka tsoho. In aka saita ta ta naɗi motsi kaɗai, katin zai iya kai mako biyu ko fiye, gwargwadon zirga-zirgar gidan. Wannan yana da muhimmanci ga mai sito, domin ba kullum ake ƙirga buhu ba, kuma satar da aka gano bayan kwana goma ba ta cikin katin kwana uku. Katin jabu ya yi yawa a kasuwa. A cika shi da bidiyo a waya ko kwamfuta, a tabbata duka suna buɗewa, kafin a amince masa.

Wannan lissafi ya isa ya nuna cewa aika hoto ta layin waya dare da rana ba na talaka ba ne, don babu manomin da zai sayi gigabait 22 na data kullum. Akwai ma dalilin da ya fi kuɗi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, sai a watan Disamba aka fara mayar da su. Duk kyamarar da ba ta iya naɗa sai da intanet ta zama makauniya a waɗannan watanni. Tambayar farko ga mai shago ita ce: in ba sabis, tana naɗa a kati? Kallon gida daga waya ƙari ne, ba tushe ba.

Wanda ya haɗa tasa da intanet kuma, wajibi ne ya canza kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, da yawansu kyamarori, ta hanyar gwada 'yan kalmomin sirri na kamfani da masu su ba su taɓa canzawa ba. Wanda ya kafa kyamarar ma bai kamata ya tafi da kalmar a wayarsa ba. Maigida ya sa tasa da hannunsa bayan an gama aiki.

Mutuncin gida da na maƙwabci

Katangar Bahaushe ba don ɓarawo kaɗai aka yi ta ba, don sutura ce. Kyamarar da aka ɗora sama har ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, inda matansa ke girki da wanka, ta jawo husumar da ta fi buhun masara tsada. Kafin a ɗaure ƙusa, a kira maƙwabcin a nuna masa abin da take gani a allo. A cikin gida ma, iyakarta zaure da sito da turken dabbobi. Ɗakunan kwana da makewayi ba hurumin kyamara ba ne, kuma iyali su san inda take. Nijeriya ta yi Dokar Kare Bayanan Jama'a a 2023, wadda ta ɗauki hoton da za a gane mutum da shi a matsayin bayanin da ba a wasa da shi.

Ranar da kyamara ta kama wani, a nan ne hankali ya fi aiki. Hoton dare mai ɗigo goma yana kama da mutum ashirin a unguwa, kuma bidiyon da aka watsa a WhatsApp ba ya dawowa. A gari da zukata suka riga suka yi zafi saboda zargin masu kai wa 'yan bindiga labari, irin wannan kuskure yana iya cin ran wanda bai ji ba bai gani ba, ko ya jefa mai kyamarar kansa cikin haɗari. A cire katin, a adana shi yadda yake, a kai kwafi ga 'yan sanda tare da sanin mai unguwa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar irin wannan shaida, muddin an nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin. Bidiyon da ke ɗauke da kwanan watan shekarar da ta wuce, don ba a saita agogo ba, lauya zai yi wasa da shi.

Saura kulawa. A nemi kyamara mai alamar IP66, wadda ƙura ba ta shiga, ruwan sama kuma ba ya cutar da ita, a yi mata 'yar rumfa don kada zafin kwano ya dafa ta. Da hunturu a goge gilashinta da faifan sola da tsumma mai laushi duk mako, a share yanar gizo-gizo. Da damina a duba mahaɗar wayoyi, don can ruwa ke shiga. Sau ɗaya a mako, bayan sallar isha'i, a sa wani yaro ya shigo ta zaure da hula a kansa, ya wuce gaban sito ya fita. Da safe a buɗe katin a duba: an naɗa, agogo ya yi daidai, kuma ana gane ko wane yaro ne.